Birni na gudu, tsari na rarrafe: me fasaha za ta iya yi wa Kano da takwarorinta?

A ƙarshen 2024 gwamnatin jihar Kano ta umarci masu takardar shaidar mallakar fili su kai takardunsu a sabunta, a shigar da su kwamfuta ta hannun KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar, tare da gargaɗin cewa wanda ya yi biris zai iya rasa takardarsa. A Legas kuwa kyamarar bakin titi ce ke ɗaukar lambar mota, sai direba ya ga saƙon tara a wayarsa ba tare da wani jami'i ya tsayar da shi ba. Hukumomi na gabatar da irin waɗannan matakai a matsayin maganin cunkoso da rikicin filaye. Jama'a da dama kuma na kallonsu a matsayin sabuwar hanyar karɓar kuɗi. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai kafin a auna hujjojin ya kamata a san girman matsalar da ake cewa na'ura za ta warware.

## Me ake nufi da saurin girman birni

Birni na girma ta hanyoyi uku: haihuwa a cikinsa, shigowar baƙi, da haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi. Ana cewa girman ya yi sauri idan mutane na ƙaruwa fiye da yadda hanyoyi da ruwan famfo da magudanai da makarantu da ayyukan yi ke ƙaruwa. Yawan jama'a shi kaɗai ba matsala ba ne. Tokyo ta ninka Kano sau da yawa, amma jirgin ƙasa na zuwa a kan lokaci.

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Ƙasashe uku, Indiya da China da Najeriya, su za su ɗauki kashi 35 na wannan ƙarin. Najeriya kaɗai ana hasashen biranenta za su ƙaru da mutum miliyan 189.

Yawanci ana ɗora laifin kan 'yan cirani da masu barin ƙauye, alhali haihuwa na da babban kaso. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Najeriya na haihuwar 'ya'ya 5.3 bisa matsakaicin lissafi, a Arewa maso Yamma kuma 6.6. Ko da an rufe duk tashoshin mota yau, Kano za ta ci gaba da cika da 'ya'yanta. Rashin tsaro ya ƙara wa lamarin nauyi. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya tara ɗimbin 'yan gudun hijira a Maiduguri, hare-haren 'yan bindiga kuma sun koro manoma zuwa Gusau da Katsina da Sakkwato da Kano. Wanda ya gudo da dare ba ya jiran a yanka masa fili.

## Daga badala zuwa awon igiya

Tsawon ƙarnuka Kano na zaune cikin ganuwarta, har da gonaki a ciki. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 da cinikin gyaɗa suka buɗe waje: Sabon Gari da Nasarawa da Bompai, ga Fagge da ke nan tun da can. Ƙidayar 1963 ta ba birnin mutum kusan dubu 300. A lokacin ne aka yi tsarin gari da ake kira tsarin Trevallion, da sunan masanin da ya rubuta shi, wanda ya zana yadda birnin zai faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni, wato Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo, sun kai kusan miliyan 3. Ƙiyasin yau ya haura miliyan 4.

Gwamnati ba ta taɓa yanka filaye daidai da wannan ƙaruwa ba, sai jama'a suka yanka da kansu. Manomi ya sayar da gonarsa, dillali ya ja igiya ya raba ta fuloti-fuloti, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki. Abin da ake kira awon igiya ke nan, kuma a kansa aka gina kaso mai yawa na unguwanni irin su Kurna da Bachirawa da Rimin Kebe da Ɗorayi da Sheka. Tsari ne mai sauri, talaka na iya shigarsa da ɗan abin hannunsa. Illarsa ita ce kowane taku na gonar kuɗi ne, don haka ba a cika barin wurin kwalbati ko makaranta ko maƙabarta ba, lungu kuma sai ya zama motar kashe gobara ba ta iya shiga. Shigar da bututun ruwa unguwar da aka riga aka gina ya fi tsada nesa ba kusa ba a kan shimfiɗa shi tun fili na fili.

Ko Abuja da aka zana a takarda kafin a aza tubali ba ta tsira ba. Tsarinta na 1979 ya tanadi birni mai mutum kusan miliyan 3 idan an kammala shi, amma tsadar haya ta tura ma'aikata Nyanya da Mararaba da Kubwa da Lugbe, ga shi kullum safe da yamma hanyar Keffi a cushe take.

## Abin da fasahar ke yi

In an ce fasahar birni, ko birni mai wayo kamar yadda 'yan kasuwar harkar ke tallata shi, ana nufin na'urorin da ke yin ayyuka uku. Suna gani, kamar hoton tauraron ɗan Adam da jirgi marar matuƙi da kyamara. Suna adana bayani, kamar rumbun bayanan filaye da lambar NIN. Suna kuma haɗa mutane da biyan kuɗi, kamar manhajar kiran mota da katin shiga bas da mita mai kati. Babu ɗaya a cikinsu da ke haƙa magudana ko tace ruwa. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin saɓanin da ke tsakanin masu yabo da masu suka.

## Fili: inda na'ura ta fi tasiri, inda kuma ta fi haɗari

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, kuma sai da amincewarsa ake sauya sunan mai ita. Shekara da shekaru bayanan nan na cikin fayil na takarda. Fayil na ɓata, ana ɓatar da shi da gangan, ana sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, shari'a kuma ta ɗauki shekaru har masu ita su mutu magada su gada.

Abuja ce ta fara sauya wannan da kafa hukumar adana bayanan filaye ta AGIS lokacin da Nasir El-Rufai ke ministan birnin tarayya, daga 2003 zuwa 2007. Nasarawa ta kafa NAGIS, Kano ta kafa KANGIS, Kaduna ta kafa KADGIS. Aikin iri ɗaya ne: a ɗauki hoton garin daga sama, a auna kowane fuloti, a ba shi lamba, a haɗa lambar da sunan mai shi. Idan an yi shi da gaskiya, mai saye zai iya bincika kafin ya biya, banki zai karɓi takardar jingina, hukumar tsara birni kamar KNUPDA kuma za ta ga gini na tasowa a kan hanyar ruwa tun yana matakin tushe.

Ruwanda ta nuna ana iya yin wannan da arha. Tsakanin 2009 da 2013 ta yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista, da hoton sama da matasan gari da aka horar, suna bi gida-gida maƙwabta na shaida iyaka. Kano ta taɓa gwada rajistar bai-ɗaya irin wannan a wasu ƙananan hukumomin cikin birni da tallafin Birtaniya. Duk da haka ma'aikatar gidaje ta tarayya ta ce a 2024 sama da kashi 90 cikin 100 na filayen Najeriya ba su da rajista.

Haɗarin yana nan: kwamfuta na rubuta abin da aka shigar mata ne. Gidan gado a cikin birni mai magada ashirin, wa za a rubuta? Idan babban wa ya je shi kaɗai, ƙannensa mata na iya wayar gari rabonsu ya ɓace a rubuce, ko da shari'ar Musulunci ta ba su. Mai awon igiya da takardarsa ta dagaci ce kawai na iya zama baƙo a gidansa idan rumbun ya nuna wurin da sunan wani. Taswira kanta kaifi biyu gare ta. A Makoko da ke bakin ruwan Legas, mazauna sun haɗa kai da ƙungiyar Code for Africa a 2019 suka zana unguwarsu don hukuma ta san da zamansu, bayan rusau na 2012. Amma hoton da ke nuna inda za a kai asibiti shi ne dai zai nuna wa katafila hanya, kamar yadda mutanen Otodo Gbame, wata unguwar bakin ruwa a Legas, suka gani a 2016 da 2017 lokacin da aka tashi dubbai daga cikinsu.

Akwai kuma abin da rumbun bayanai ba ya warwarewa. Rusau ɗin da aka yi a Kano a Yunin 2023, a tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, ya shafi wuraren da gwamnatin baya ta bayar, sabuwa kuma ta ce an bayar ba bisa ƙa'ida ba. Maganar ta kai kotu har aka yi batun diyya. Takardun suna nan, abin da aka yi jayayya a kai shi ne halascinsu.

## Titi: kyamara, manhaja da ɗan sahu

Danja mai lissafin yawan motoci da kyamarar kama masu laifi na rage cunkoso a mahaɗa, suna kuma rage cinikin bakin titi tsakanin direba da jami'i. Abin da ba sa ragewa shi ne yawan ababen hawa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, Adaidaita Sahu ce ta zama ƙafar birnin. Keke ɗaya na ɗaukar mutum uku ko huɗu, babbar bas ɗaya na ɗaukar abin da keke goma sha biyar za su ɗauka. Gadojin sama na Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro sun sassauta wuraren da aka gina su, sai dai sau da yawa cunkoson gaba yake matsawa zuwa shataletale na gaba.

Legas ta bi hanyar manyan motoci. Ta buɗe layin bas na BRT a Maris 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, ta kawo katin Cowry na biyan kuɗi, jirgin Blue Line ya fara ɗaukar fasinja a Satumbar 2023 a kan kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, Red Line ya biyo baya a 2024. Katin ya yi aiki ne saboda akwai bas da layin da aka keɓe mata. Blue Line kuwa ya ci sama da shekara goma ana gininsa. Jirgin cikin garin Abuja da aka buɗe a 2018 ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024.

Manhajojin kiran abin hawa sun nuna wani darasi. A 2019 kamfanoni irin su Gokada da MAX da OPay sun zuba kuɗi a harkar babur, sai Legas ta hana babura a manyan sassan birnin a Fabrairun 2020, harkar ta durƙushe cikin 'yan watanni. A Kano ma 'yan sahu sun shiga yajin aiki a 2021 da 2022 kan haraji da kuɗin rajistar da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta sa, gari ya tsaya cik, ɗalibai da 'yan kasuwa suka taka da ƙafa. Rajistar direbobi na taimaka wa tsaro, musamman gano keken da aka yi laifi da shi. Amma direban da ke biyan balas kullum ga mai keke, in abin da ya fara gani daga sabon tsari kuɗi ne, a haraji zai lissafa shi.

## Ruwan sha da ruwan sama

Matatun Tamburawa da Challawa ba sa isar birnin, don haka unguwanni da yawa sun dogara ga burtsatse da 'yan garuwa. Fasaha na iya gano inda bututu ke yoyo, mita na iya sa kowa ya biya daidai abin da ya sha. Sai dai mita a kan famfon da ba ya kawo ruwa tamkar kwado ne a ƙofar ɗakin da babu komai. Famfo mai aiki da hasken rana ya sauƙaƙa haƙa burtsatse, wannan kuma ya jawo wata damuwa: kowa na zuƙar ruwan ƙasa ba mai lissafi, a unguwannin da shadda ke kusa da rijiya.

Ambaliya ta fi nuna iyakar na'ura. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar lura da koguna ta NIHSA na fitar da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa. Gargaɗi ba ya ƙaranci. A Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata kaya masu yawa, 'yan kasuwa suka ɗora laifin kan gine-ginen da aka yi a hanyoyin ruwa. Kududdufan da a da ke shanye ruwan birni an cike da yawansu an yi gini, leda kuma ta toshe kwalbatocin da suka rage. A Maiduguri madatsar Alau ta ɓalle a 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye babban sashe na birnin, alhali an daɗe ana maganar lalacewarta.

Dar es Salaam ta Tanzaniya ta gwada wata dabara tun 2015 a shirin Ramani Huria: ɗaliban jami'a da mazauna unguwa suka bi magudanai da waya suna rubuta faɗinsu da inda suka toshe. Bayanin ya nuna wa hukuma inda za ta fara yashewa. Yashewar kanta dai shebur ne da tifa da kasafin kuɗi.

## Wutar da komai ya rataya a kanta

Layin wutar ƙasa na raba megawat dubu 4 zuwa 5 ga mutum sama da miliyan 200. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Danja da kyamara da rumbun bayanai duk sai da wuta. Shi ya sa sola ta zama fasahar da ta fi yaɗuwa ba tare da an tilasta kowa ba, daga shirin REA, hukumar samar da wuta a karkara, na sa wa shagunan kasuwar Sabon Gari sola a 2018 zuwa faifan da ke kan rufin masu cajin waya. Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya ƙara tura mutane can.

## Ra'ayoyi uku

Masu goyon baya, galibi jami'an gwamnati da kamfanoni da bankunan raya ƙasa, na cewa ba a iya mulkin birnin da ba a san shi ba. Jihar da ba ta san gidaje nawa ke cikinta ba, ba za ta tara harajin gina magudana ba. Suna kafa hujja da Legas da Kaduna, inda kuɗin shiga ya ƙaru bayan gyara rajista da hanyar biya. Suna kuma da misali daga Kano: a yaƙi da shan inna an yi amfani da hoton tauraron ɗan Adam wajen gano rugage da lungunan da ba sa cikin tsohuwar taswira, aka riƙa bin sawun masu rigakafi da waya. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Masu suka, cikinsu har da masana tsara birane da ƙungiyoyin kare haƙƙi, na cewa ana sayen na'ura ne don tana da daɗin ƙaddamarwa, kwalbati kuwa ba ta da kyan hoto. Babban misalinsu kwangilar kyamarorin tsaro ta dala miliyan 470 da aka ba kamfanin ZTE a 2010, yawancinta bashi ne daga China, kyamarorin Abuja kuma ba su yi aikin da aka yi alkawari ba. Suna ƙarawa da sababbin biranen da ake ginawa gefe, irin su Eko Atlantic a Legas da Konza a Kenya, waɗanda ba sa rage ko mutum ɗaya daga cunkusassun unguwannin talakawa irin su Ajegunle a Legas ko Kibera a Nairobi. Akwai kuma tsoron sa ido. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma mutane ƙalilan ne suka san inda za su kai ƙara idan bayanansu suka fita. Ko a Toronto ta Kanada, shirin unguwa mai na'urori na wani kamfani ɗan uwan Google ya watse a 2020 bayan doguwar muhawara kan wa zai mallaki bayanan mazauna.

Ra'ayi na uku na cewa rigimar ta jeri ce, wato me za a fara. Idan aka duba misalan ɓangarorin biyu, wannan ra'ayi ya fi samun goyon bayan hujja. Taswirar shan inna ta yi aiki saboda akwai manufa ɗaya, da ma'aikata a ƙasa, da sarakunan gargajiya, da kuɗin da bai yanke ba. Kyamarorin Abuja sun rasa mai kula da su bayan an kafa.

## Abin da zai shafi mai gida, ɗan haya da mai sana'a

Mai takardar gwamnati zai amfana da sabunta ta, domin darajar gidansa za ta ƙaru, jabu kuma zai ragu. Sai dai ya sa a ransa cewa shiga rumbun na nufin kuɗin ƙasa na shekara zai riƙa zuwa a kan lokaci, har da bashin baya. Mai awon igiya makomarsa ta dogara ga shawarar siyasa: ko a halasta unguwarsa da kuɗin da zai iya biya, ko a bar shi a waje. Magada kuwa, musamman mata, rajista ce lokacin da ya fi dacewa a rubuta sunan kowa.

Ɗan haya ba ya cikin kowane rumbu, amma shi zai ɗauki kaso mai yawa na kuɗin. Unguwar da ta samu titi da takarda hayarta na tashi, mai ƙaramin ƙarfi ya matsa gaba zuwa Gezawa ko Dawakin Kudu ko hanyar Bichi, inda igiya ke jiran sabuwar gona. Ta haka gyaran tsakiyar gari ke ƙara faɗaɗa gefensa.

Masu sana'ar da birnin ke tafiya a kansu, 'yan garuwa da 'yan sahu da 'yan gwangwan, su ne ke cike giɓin da hukuma ta bari. Manyan bas da kamfanonin shara da famfo mai mita za su rage musu kasuwa, sai fa idan an shigar da su cikin tsarin. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna yadda sauyin gaggawa ke kasancewa: masu waya da asusu sun koma tiransifa da POS, tsohuwa mai sayar da ƙosai kuwa ta yi kwanaki ba ciniki.

Duk lissafin nan kuma a kan ƙiyasi yake tafiya. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Wadda aka shirya yi da na'urorin hannu a 2023, ta farko irinta a ƙasar, an ɗage ta kwanaki kaɗan kafin a fara. Injiniyan da zai auna faɗin bututun da za a kai Rijiyar Zaki ko yawan ajujuwan da Ungogo ke buƙata, da alƙaluman da aka tattara kafin a haifi yawancin 'yan firamaren yau da 'yan sakandare yake aiki.